Zargi Ba Hukunci Ba Ne

Wata muguwar al'ada ta samu gindin zama a Potiskum. Tun daga gidajen mai da kantunan bakin titi har zuwa garejin manyan motoci, da zarar kuɗi sun yi ɓatan dabo sai maigida ya nuna ƙaramin ma'aikaci da yatsa, ya kore shi nan take, ya danne albashinsa, ya kuma bar shi da tambarin sata a goshi. A garin da kowa ya san kowa, wa zai sake ɗaukar wanda aka kira ɓarawo?

To, masu wannan ɗanyen aiki su sani ƙasar nan tana da doka. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana maigida zaftare albashin lebura don cike asara, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Gaskiya ne maigida yana da ikon korar wanda ya ci amanarsa. Amma Kotun Ƙoli, a shari'ar Shell da Olarewaju ta 2008, ta ce wanda ya bayyana dalilin kora, wajibinsa ne ya tabbatar da shi. Faɗar baki ba hujja ba ce.

Saboda haka kada wanda aka kora ya rungume hannu ya ce ya bar wa Allah. Ya nemi takardar kora mai ɗauke da dalili. Kada ya sa hannu a kan takardar amsa laifin da bai aikata ba, ko da a caji ofis ne. Ya adana shaidar biyan albashi, ya sanar da ƙungiyarsa, ya kai kuka ofishin ƙwadago ko Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975. In 'yan sanda sun gurfanar da shi kuma ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a tun 1976. In sulhu ya faskara, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya damƙa wa shari'un ƙwadago, kuma tana iya tilasta biyan haƙƙi da diyya.

Shirun talaka shi ne jarin azzalumi. Ran da lebura ɗaya ya kai ƙara ya yi nasara, ran nan masu gida ɗari za su shiga taitayinsu.