Ginin Uwargida da Fim Ɗin Talakawa

Yau alƙalaminmu ya tsallaka teku zuwa ƙasar Filifin, inda aka taɓa yin wata takaddama tsakanin matar shugaban ƙasa da wani mai shirya fim, a kan wace fuska ce ta Manila ya kamata duniya ta gani.

Uwargida Imelda, matar Shugaba Ferdinand Marcos, mace ce mai son ado da gine-gine. Ita ta tsaya aka gina babbar cibiyar al'adu a bakin tekun Manila, aka buɗe ta a 1969. A ganinta aikin mai fasaha shi ne ya nuna kyau, don haka in manyan baƙi za su zo, sai a kafa katanga a rufe unguwannin matalauta.

Shi kuwa Lino Brocka bayan katangar nan ya kai na'urarsa. A 1975, shekara uku bayan Marcos ya ƙaƙaba dokar soja, ya fito da fim ɗin Maynila. Labarin wani masunci ne, Julio, wanda ya baro ƙauye neman budurwarsa da aka yaudara da alkawarin aiki a birni. Ya faɗa leburanci a wurin gini, shugaban leburori yana zaftare masa lada, abokin aikinsa kuma ya mutu a hatsari, aka ci gaba da aiki kamar kaza ce ta mutu. A 1976 ya ƙara da Insiang, wanda ya ɗauka a Tondo, unguwar da talauci ya yi wa katutu. Aka nuna shi a bikin fina-finai na Kan a Faransa a 1978.

To, ga abin da ya sa na tsaya a kan labarin nan. Uwargida ta ƙuduri yin bikin fina-finai na duniya a Manila a Janairun 1982, ta sa a gina masa katafaren zaure cikin gaggawa, ana aiki dare da rana. Ranar 17 ga Nuwamba, 1981, katakon da ke tallafe da ginin ya rufta, leburori suka faɗa cikin ɗanyen siminti. Hukuma ta ce kaɗan ne suka mutu, wasu suka ce sun haura ɗari. Ba a ɗage bikin ba. Abin da Brocka ya nuna a majigi shekara shida kafin nan, shi ne ya auku a gidan da aka gina don majigin.

Ban ce Uwargida ba ta yi wa fasaha komai ba, cibiyar 1969 ta yaye makaɗa da 'yan rawa masu yawa. Amma ni a wurina Brocka ne ya riƙe amanar sana'arsa, kuma ya ji a jikinsa. Fim ɗinsa Bayan Ko sai a ɓoye aka fitar da shi zuwa Kan a 1984, a 1985 kuma aka tsare shi saboda goyon bayan yajin aikin direbobin motocin haya.

Marcos ya gudu Hawai a 1986. Brocka ya rasu a hatsarin mota a 1991, aka ba shi lambar gwanin fasaha na ƙasa a 1997, a 2013 kuma aka sabunta Maynila aka sake nuna shi a Kan. Bikin Uwargida kuwa sau biyu kacal aka yi shi.