Farashin data a Daura

Farashin data a Daura, kamar sauran sassan Najeriya, yana ƙarƙashin kulawar Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC. A unguwanni irin su Kusugu, ɗalibai da masu sana'ar POS sun dogara ne da datar wayar salula wajen shiga intanet.

Tarihi

Kafin shekarar 2001, kamfanin gwamnati NITEL ne ya kankane harkar tarho. A shekarar aka ba MTN da Econet lasisin GSM, Glo kuma ya fara aiki a 2003. Gasar ta sauko da farashi, sai dai yanzu MTN kaɗai ke da kusan rabin layukan ƙasar.

Ƙarin 2025

A ranar 20 ga Janairu 2025, NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, bayan kamfanonin sun nemi a ninka shi saboda faɗuwar naira da tsadar dizal. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi watsi da matakin. Da yake manyan kamfanonin duk sun ƙara kuɗi, sauya layi ba ya rage wa mai saye nauyi sosai, don haka kariyarsa ta rataya ne a wuyan hukumar.