Baƙo mai tuƙa kansa cikin hamada: me ya sa yake zuwa Namibiya, ba ya zuwa Tenere?

Tun ranar 1 ga watan Afrilu na shekara ta 2025, Bajamushe ko Bafaranshe ko Ba'amurke da ke son shiga Namibiya sai ya biya kuɗin biza, dalar Namibiya 1,600, wato wajen jika 50 na sefa. A da kyauta suke shiga. Hujjar hukumomin Windhuk mai sauƙi ce: ƙasashe sama da 30 na tilasta wa ƴan Namibiya neman biza, don haka su ma ƴan ƙasashen za su biya. Masu otel da kamfanonin yawon buɗe ido sun nuna fargaba, amma gwamnati ba ta janye ba. Ƙasar da ta yi haka ta san akwai abin da baƙin ke nema a wajenta, wanda ba za su fasa zuwa ba saboda jika 50.

Abin da akasarinsu ke zuwa yi shi ne su sauka a Windhuk, su yi hayar mota kat-kat mai tanti a kan rufi, da firiji da tayoyin ko-ta-kwana, su kama hanya su kaɗai na mako biyu ko uku, babu direba, babu rakiyar soja. Su je jajayen tuddan rairayi na Sossusvlei, su gangara gaɓar teku, su haura arewa su ga zanen da mutanen da suka sassaƙa a duwatsun Twyfelfontein, su ziyarci rugagen makiyayan Himba, su ƙare a gandun dajin Etosha, inda mutum ke tsayar da motarsa a bakin tafki yana jiran giwa da zaki su zo shan ruwa.

Ɗan Nijar da ya ji wannan lissafi zai ce ai duk muna da irinsu. Kuma yana da gaskiya. Gandun Ayar da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7 da dubu 700, yana cikin jerin kayan gadon duniya na UNESCO tun 1991. Tsohon garin Agadas da hasumiyar masallacinsa mai mita 27 sun shiga jerin a 2013, shekarar da rairayin Namib ma ya shiga. Raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabus ba su da na biyu a Sahara. Ga Biyanu, ga taron makiyaya na Ingal, ga ayarin gishirin Bilma. A shekarun 1980 Agadas cike take da Turawa, wasunsu ma da motocinsu suka ƙetaro hamada daga Aljeriya, kuma tseren Paris-Dakar na ya da zango a garin.

Yadda abin ya rushe ba ɓoyayye ba ne. Tawayen farko ya tsayar da kome daga 1990, UNESCO ta sa gandun Ayar da Tenere cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari a 1992, kuma har yau bai fita ba. Bayan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 jiragen baƙi sun dawo filin jirgin da ke ɗauke da sunan Mano Dayak, wanda shi kansa da kamfanin yawon buɗe ido ya fara suna. Sai tawayen MNJ a 2007, sai sace ma'aikatan Areva a Arlit a Satumban 2010. A 2025 kaɗai an sace wata ƴar Ostiriya a watan Janairu, da wata ƴar Siwizalan a watan Afrilu, dukansu a cikin garin Agadas. Direbobin da suka san kowace rijiya tsakanin Iferwan da Jado ba su zauna jira ba: wasu sun koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya, wasu sun bi zinaren da aka gano a Jado a 2014.

Saboda haka idan ana maganar farfaɗo da yawon buɗe ido, kamar yadda ake yi a jawabin buɗe kowane bikin Ayar, ya kamata a gane cewa baƙo mai tuƙa kansa shi ne na ƙarshen zuwa. Shi ne wanda ya fi kowa buƙatar yarda da ƙasa. Yana son ya tabbata gidan man da ke kan taswira yana da gazuwal, hanyar burji an gyara ta, shingen jandarma ba zai cinye masa rabin yini ba, kuma kamfanin inshora a ƙasarsu zai biya idan wani abu ya faru. A Nijar ta yau, inda baƙo ba ya fita Yamai zuwa wurare da dama sai da rakiyar jami'an tsaro, ko ɗaya daga cikin waɗannan bai cika ba. Babu tallar da za ta gyara wannan.

Amma akwai abin da Namibiya ta yi tun kafin motocin su yi yawa, wanda ba ya jiran zaman lafiya ya kammala. A 1996, shekara shida bayan samun ƴancin kai, ta gyara dokar kare namun daji. Dokar ta ce mutanen karkara da suka shata iyakar yankinsu, suka rubuta sunayen mambobi, suka zaɓi kwamiti, suka tsara yadda za su raba riba, gwamnati za ta ba su iko a kan namun dajin yankin da kuɗin da baƙi ke kawowa. An yi wa huɗu na farko rajista a 1998. Yanzu sun kai 86, kuma sun mamaye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar. Duk mai son gina masaukin baƙi a irin wannan yanki sai ya ƙulla yarjejeniya da kwamitin, ya biya wani kaso, ya ɗauki ƴan wurin aiki. Kwamitin ne ke biyan masu gadin daji, waɗanda da yawansu ƴaƴan maharba ne.

A nan ne bin sawun namun daji ke da muhimmanci, domin shi ne wurin da mai mota ke sauka dole. A jihar Kunene akwai baƙar karkanda da ke rayuwa cikin duwatsun hamada ba tare da shinge ba. GPS ba ya nuna inda take. Sai baƙo ya ajiye motarsa, ya bi masu bin sawu a ƙasa tun da asuba, mutanen da ke duba kashi da karyayyen reshe su faɗa maka wace karkanda ce ta wuce da kuma yaushe. Ƙungiyar Save the Rhino Trust na wannan aiki da mutanen yankin tun 1982. Kuɗin hayar mota a Windhuk yake tsayawa, na jirgi ma a Turai. Wanda ke isa ƙauye shi ne na mai bin sawu, da na wurin kafa tanti, da kason masaukin.

Tsarin yana da nasa ciwo. Giwaye na fasa rijiyoyi da tankunan ruwa, zakuna na kashe shanu, kuma manomin da aka yi wa ɓarna ba ya ganin diyyar ta kai asararsa. Wasu yankunan da ke nesa da hanyar baƙi kusan ba sa samun kome sai daga farautar masu kuɗi. Annobar korona ta 2020 ta nuna yadda kuɗin ke ƙafewa dare ɗaya. A fari na 2024 gwamnati ta ba da umurnin kashe namun daji 723, har da giwaye 83, don raba nama da rage gasar ciyawa da ruwa. Ziyarar rugagen Himba kuwa, inda mota ke tsayawa awa guda a ɗauki hotunan mata a bar buhun gari, ko a can ana muhawara a kanta. Duk wanda ya ga yadda ake cusa kyamara a fuskar samarin Wodabe a Ingal ya san irin muhawarar.

Nijar ta taɓa samun ƙaramin misalin wannan tsari a Kure, kilomita kusan 60 daga Yamai. Raƙuman dawan wurin, na ƙarshe a Afirka ta Yamma, sun ragu zuwa 49 a 1996, suka haura 600 cikin shekara ashirin da ƴan kai, alhali cikin gonakin mutane suke yawo suna cin wake. Mutum kan tuƙo motarsa daga Yamai, ya biya kuɗi, ya ɗauki ɗan jagora na ƙauyen ya nuna masa inda garken yake. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas a wurin: Faransawa shida ma'aikatan agaji na ACTED, direbansu, da shugaban ƙungiyar ƴan jagoran. Cikin kwanaki Faransa ta shafa wa duk ƙasar jan fenti in ban da Yamai. Raƙuman dawan na nan, suna cin waken. Kuɗin da ke sa manomi haƙuri ne ya tafi.

A Termit da Tin Tuma lamarin ya fi muni. An kafa gandun a 2012 don adaks, farar dabbar nan mai murɗaɗɗun ƙahoni. Wani ƙidayar 2016 uku kacal ya gani, kuma a 2019 aka sake shata iyakar gandun saboda aikin man fetur. Idan zaman lafiya ya dawo bayan shekara goma, mai bin sawu zai iya rasa sawun da zai bi. Makwabciyarmu Cadi ta maido da mariri dajin Wadi Rime tun 2016 da taimakon Abu Dabi, amma da dabbobin da aka yi kiwo a waje da kuɗi mai yawa.

Abin mamaki, darasin dokar Namibiya ba baƙo ba ne a Maraɗi da Damagaram. Muddin itace na hannun jami'in gandun daji, manomi tumɓuke tsiron yake yi don gudun tara. Da ya tabbata gawon da ya bari a gonarsa nasa ne, sassaben zamani ya maido da itatuwa a kan hekta wajen miliyan 5 daga shekarun 1980 zuwa yau. Abin da ba a yi ba shi ne rubuta irin wannan iko a kan barewa da jimina da raƙumin dawa, ta yadda ƙauye ko rugar da ta kiyaye su za ta san kasonta a takarda, ta kuma iya kai ƙara idan an hana ta.

Ko da tsaro ya dawo, Tenere ba za ta zama Namib ba. Babu hanyar burji tsakanin Agadas da Bilma, kuma wanda ya shiga shi kaɗai da taswira yana wasa da ransa. Wannan ma alheri ne ga Agadas, domin baƙon da ke buƙatar direba da kuku da ɗan jagora ya fi mai tanti a rufin mota barin kuɗi a gari. Haka Muritaniya ta dawo: an kashe Faransawa huɗu kusa da Aleg a Disamban 2007, jiragen baƙi sun koma Atar a Disamban 2017, kuma a hannun ƴan jagoran ƙasar suka sauka. Aljeriya ma ta hannun kamfanonin gida take ba masu zuwa Janet biza a filin jirgi.

Kafin nan, mai kat-kat ɗin da zai iya tuƙa kansa ba tare da biza ko gargaɗin ofishin jakadanci ba, ɗan kasuwar Maraɗi ne da ma'aikacin Tawa. Gadabeji na nan arewa da Dakoro. An kai raƙuman dawa takwas can daga Kure a 2018, an ƙara wasu a 2022, kuma sun hayayyafa. Abin da ake buƙata shi ne kuɗin shiga da aka sani, da rasit, da wurin kwana mai ruwa, da kason da zai shiga hannun makiyayan da ke kewaye da gandun, waɗanda su ne ke fara ganin maharbi idan ya shigo.