Rigakafin jariri ba aikin baƙon mako biyu ba ne

 Akwai maganar da na gaji da ji a bakin wasu ƴan bokonmu: wai tun da Turawan sa kai suka daina zuwa, rigakafin yara ya shiga uku. Haba dai!

Ku ɗauko katin asibitin jariri ku duba. Allurar tarin fuka ranar haihuwa, sannan a dawo a mako 6, mako 10, mako 14, sai ta baƙon dauro a wata 9. Ranar 19 ga Satumba 2024, nan Gaya aka ƙaddamar da rigakafin zazzaɓin cizon sauro na ƙasar Nijar, shi kuma sau huɗu ake yin sa. To, baƙon da ya zo mako biyu, ya rungumi ɗan mutane ya ɗauki hoto don Facebook, wace allura zai jira? Ko ta biyu ba zai gani ba.

Ban ce duk baƙo ɗan hoto ba ne, akwai na kirki. Amma baƙo na da jirgin komawa. Ƴan Peace Corps na Amurka sun zauna Nijar tun 1962; da aka sace Faransawa biyu a Yamai a Janairun 2011, sai aka kwashe su kaf. Yaran da aka haifa a watan fa?

Masu sa kai na gaskiya suna nan cikinmu, su ne ƴan "relais" na unguwa. Su suka san uwar da ta haye Malanbil cin kasuwa a kwale-kwale, da wadda ta tafi Kamba wankan gida ta bar katin ƙarƙashin katifa. Su ke zama da maigida mai taurin kai har ya sauko. Kuma kada mu manta 2003: da Kano ta tsayar da rigakafin shan inna, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, kuma ba a shawo kanta ba sai da sarakuna da malamai suka sa baki.

Mutanen nan kuɗin mai ma sai sun yi ta bin sa. Magajin gari, shugabannin lafiya na gundumar Gaya, ƴan kasuwarmu na Kotonu da Yamai: ku biya su alawus a kan lokaci, ku ba su babur da akwatin sanyi. Duk wanda zai zo taimako daga waje, ya zo ya yi aiki ƙarƙashinsu.