Daga Bakin Rumfa: Tuwo a Gabanmu, Wasa a Dandamali

 Makon jiya na yi alkawarin za mu yi maganar bashi tsakanin dillali da mai kaya. A yi mini haƙuri, mun ɗaga ta zuwa mako mai zuwa, don akwai abin da ya same ni daren Asabar, kuma in ban faɗa muku ba cikina ba zai kwanta ba.

Bari in fara da tambaya. Maigida, yaushe rabonka da zama wuri ɗaya da matarka da 'ya'yanka, abinci a gabanku, kuna kallon abu ɗaya, kuna dariya lokaci ɗaya? Ni dai da na ƙirga, sai na ji kunyar kaina. Kokona da ƙosaina a bakin tasha nake sha. Na rana a rumfa, hannu ɗaya a kwano, ɗaya yana ba da canji. Da dare in ana ƙwallo, gidan kallo na nufa, mu maza zalla. In na dawo yara sun yi barci, tuwona yana rufe a kwano.

Ranar Alhamis uwargida ta tare ni a ƙofar ɗaki. Ta ce, "Malam, samarin unguwa da 'yan makaranta za su yi wasan kwaikwayo jibi a tsakar gidan mai abincin nan na bayan tasha. Kuɗin shiga har da abinci. Yara suna so ka kai mu."

Na ce, "Ni da gemuna? In zauna cikin mutane ina cin tuwo, yara suna tsalle a gabana?"

Ta ce, "Ai ko a gidan ƙwallo zama kake cikin mutane, wasu ƙarti suna tsalle a gabanka."

Ban sami amsa ba. Sai na ce to, a shirya.

Mun isa bayan sallar isha'i. Wurin ba wani babba ba ne. Tsakar gida ce aka share aka yayyafa ruwa, an jera tebura kamar takwas da bencina, can ƙarshe an haɗa katakai an yi dandamali, labulen kuwa zannuwa ne aka ɗinke. Ƙwan lantarki biyu ke haska 'yan wasa. Daga gefe hayaƙin murhu yana tashi, kana jin ƙarar muciya a tukunya. Aka kawo mana tuwon zafi da miyar ayoyo da naman zabo, yara suka zaɓi wake da shinkafa, aka biyo da zoɓo mai sanyi, wanda a nan ake ce wa sobolo. Uwargida da 'yan mata suka haɗa kwano ɗaya, ni da autana muka haɗa ɗaya, amma teburinmu guda.

Ba komai ne ya tafi daidai ba, gaskiya. Abincin ya yi jinkiri har aka fara wasa, wuta ta ɗauke sau ɗaya muka zauna a duhu sai da aka tada janareta, lasifika kuma tana ta ƙugi. Duk da haka ban ga wanda ya tashi ba.

Wasan labarin wani falke ne mai safarar albasa daga Bawku zuwa Kumasi. A kasuwa hannunsa a buɗe yake, kowa ya zo ya ba shi bashi, a ce masa Alhaji mai alheri. A gida kuwa in an tambaye shi kuɗin cefane sai ya fito da littafi da biro ya fara lissafi. Ko a barci ƙirga buhu yake. Wata rana ya dawo daga tafiya da rana tsaka, abin da bai saba ba, ƙaramin ɗansa ya ruga ciki yana cewa, "Mama, ga wani baƙo a zaure!" Tsakar gidan nan ta kaure da dariya. Ni ma ina cikin dariyar, sai autana ya ja hannun rigata, bakinsa duk miya, ya ce da ƙarfi, "Baba, ai kai ne!"

Teburin da ke kusa da mu suka juyo. Uwargida ta rufe baki da gyale. Na yi dariyar yaƙe, amma wallahi lomar da ke hannuna ta yi minti biyu ban kai ta baki ba. Shekara nawa uwargida tana faɗa mini wannan magana a ɗaki ina cewa mitar mata ce. Yau yaro ɗan shekara bakwai ya faɗa mini ita a gaban jama'a, kuma ba halin in yi fushi, tunda wasa ne. Gani ya kori ji.

Na lura da wani abu kuma. 'Yan wasan suna cakuɗa Mamprusanci da Hausa da Turanci, yadda muke yi a kasuwa. In an yi barkwanci da Mamprusanci ko Turanci, yarana ne ke fara dariya. In an jefa karin magana da Hausa, sai su kalle ni. Ni kuma in sunkuya in bayyana musu. A dare ɗaya na koya musu karin magana huɗu, abin da ban yi ba a shekara.

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne da aka kwaso daga Turai. A can akwai gidajen da ake cin abinci ana kallon wasa, gaskiya ne, amma ƙasar nan tana da nata. Dattawanmu da suka zauna a kudu sun san konsat fati, wato ƙungiyoyin 'yan wasa masu yawo gari-gari a lori da kayan kiɗansu. Daga garuruwan bakin teku abin ya taso, da mutane irin su Bob Johnson da ƙungiyar Axim Trio da aka kafa a 1937. A 1952 E. K. Nyame ya kafa Akan Trio, ya haɗa wasan da kiɗan jita, ya mayar da shi cikin harshen mutanen gari maimakon Turanci. In sun sauka a gari sukan kama tsakar wani babban gida ko gidan silima, a fara da kiɗa, sannan wasa ya biyo har tsakar dare. Maza ne ke fitowa a matsayin mata a yawancin ƙungiyoyin farko. A bakin ƙofa kuwa masu abinci ke jere da fitilunsu. Ku duba sunayen abincin da ake sayarwa a irin wuraren nan har yau: koko, ƙosai, wake, tuwon zafi, fura. Duk da bakin Hausa ake kiransu daga Bawku har Ankara, babban birni. Ke nan matan zango sun daɗe a cikin wannan harka, ta ɓangaren tukunya.

Mu ma daga gida mun zo da namu. Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Maradi ya san tashe, da yara ke yi a watan azumi bayan an sha ruwa, gida-gida, suna kwaikwayon malami marowaci ko tsoho mai gardama, a ba su hatsi ko kuɗi. Ya san 'yan kama, masu zama kamar malamai suna wa'azi, amma duk karatunsu a kan tuwo da nama yake ƙarewa. Daga baya aka samu wasannin rediyo da talabijin irin na Samanja, sannan finafinan bidiyo da suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990. Dukkansu aikinsu ɗaya: su faɗa wa babba gaskiyar da ƙarami ba ya iya faɗa masa ido da ido, a cikin raha.

To me ya kashe konsat fati? Babban abin da ya karya shi dare ne da aka rufe. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 an sa dokar hana fitar dare wadda ta ɗauki sama da shekara biyu. Sana'ar da sai da dare take ci, in an hana dare ai an yanke mata wuya. Makaɗa da yawa suka bar ƙasar, da aka buɗe kuma sai gidajen bidiyo suka cike gurbin. Ko da aka farfaɗo da shi a babban gidan wasan ƙasa da aka buɗe a Ankara a 1992, ana nuna shi a talabijin, bai koma yawon ƙauyuka kamar dā ba.

Mu mutanen arewa ba sai an ba mu labarin wannan ba. 'Yan uwanmu na Bawku sun shafe shekaru suna shiga suna fita cikin dokar hana fita. A 2025 Walewale da nan Nalerigu ma mun ɗanɗana. Mutanen Yendi sun san yadda bayan rikicin 2002 aka yi shekaru ba a ga Damba a fada yadda aka saba ba, sai bayan naɗin Ya-Na Abukari na Biyu a Janairun 2019. Wanda ya taɓa rufe rumfa da la'asar yana sauri kada lokaci ya cim masa a hanya, shi ya san darajar daren da mutum zai fita da iyalinsa ya dawo lafiya. Bahaushe ya ce dare mahutar bawa. In Allah ya ba mu daren lafiya, bai kamata mu ƙarar da shi duka a kan benci da abokai ba.

Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja suna da uzuri. Ayarin goro daga Kano zuwa Salaga watanni yake yi a hanya, a ƙafa da jakuna, mutum ya bar jariri ya dawo ya tarar yana tafiya. Mu fa? Mu je Techiman mu dawo cikin kwana biyu ko uku, ga waya a aljihu. Amma har yanzu akwai gidajen da yara ke ɗauke wuta in sun ji gyaran muryar uba. Wannan ba laifin hanya ba ne kuma.

Na san abin da wasu za su ce, don abokin rumfata ya riga ya faɗa mini ranar Lahadi. Ya ce wasa shagala ce, kuma irin wuraren nan ba a rasa giya da cakuɗuwa. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa nake ba da shawara kamar haka. Maigida ya fara zuwa shi kaɗai ko ya aiki wanda ya yarda da shi, ya ga wurin da rana. A tambaya ko ana sayar da giya. In ana yi, a nemi wani wuri. A tambayi su wa ke wasan da abin da wasan ya ƙunsa, don ba kowane barkwanci ne kunnen yaro zai ji ba. A yi sallah kafin a shiga. A san kuɗin tun daga ƙofa, shiga da abinci, kada a zo ana ciniki a gaban yara. A kuma san lokacin tashi, musamman inda akwai doka ko hanyar gida tana da duhu. Wanda yake jin nauyin haɗa kwano da iyali a bainar jama'a, ya yi yadda muka yi: kwano biyu, teburi ɗaya.

Maganar kuɗi kuwa, abin da na kashe mu shida bai kai abin da nake zubawa a katin waya cikin mako biyu ba. Kuma kuɗin nan ina suka tafi? Wajen mai tuwo, da mai zabi, da matar da ta dafa zoɓo, da samarin da za su sayi ƙwan lantarki na uku. Duk a cikin gari suka tsaya. 'Yan uwa mata masu gidan abinci a zangunanmu, ku ma ku duba wannan. In kina da tsakar gida da bencina, makarantar Islamiyya ko ta boko da ke kusa da ke ba ta rasa yara masu wasan kwaikwayo da ba su da wurin nunawa. Dare ɗaya a wata ya isa a fara.

In garinku babu irin wannan wuri, Damba tana zuwa a watan Maulidi, a Nalerigu a ƙofar fadar Nayiri, a Yendi a ta Ya-Na, ga makaɗa ga dawakai ga masu abinci. Bana kada ka tsaya a bayan teburin kaya kana kallon aljihun mutane kawai. Bar wa yaron shago na awa biyu, ka ɗora autanka a wuya ya ga doki, ka saya musu tsire ku ci a tsaye.

Da muke komawa gida daren nan, yara suna gaba suna kwaikwayon Alhaji mai alheri da littafinsa da bironsa. Uwargida ta rage murya ta ce, "Malam, ka ji haushi?"

Na ce, "Na ji. Amma gobe a kawo mini tuwona da wuri, tare za mu ci."

Kwana biyar ke nan ina cika alkawarin, ban da jiya da motar kaya ta iso a makare. Ku taya ni da addu'a in ɗore. Wanda ya gwada a Salaga ko Yendi ko Bawku, ya rubuto mana yadda ta kaya, za mu buga a wannan fili. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar bashi. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Wassalam.