Wuta ta zo amma babu ƙarfi: wa ke riƙe da linzamin lantarki a arewacin Kamaru?

In ana zancen lantarki a Garwa, ɗaukewar wuta aka fi kuka da ita. Amma akwai wata matsalar da ke cin dukiya a ɓoye: wuta ta zo, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka na juyawa da ƙyar, injin rijiyar burtsatsen masallaci ya yi ta gurnani har ya ƙone. Wutar gida bolt 220 ya kamata ta kasance. In ta faɗi sosai, injin yakan ja wuta fiye da kima ya yi zafi. In ta haura, ta kashe firji da talabijin.

Jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa sun daɗe suna dogara da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, mai megawat 72. Daga nan layin kilobolt 110 ke zuwa Garwa da Ngaundere, na kilobolt 90 ya wuce Gidar zuwa Marwa. Dogon layi yana da halinsa. Da magariba, kowa ya kunna kayansa, ƙarfin wuta yakan zube kafin ta isa ƙarshen layi. Tsakar dare kuma, da nauyi ya ragu, yakan haura. A bazara, ruwan Lagdo ya ja baya, zafi ya sa buƙata ta ƙaru, abin ya haɗu goma da ashirin.

A da kamfani ɗaya ke kula da komai. A 2015 gwamnati ta kafa SONATREL ta riƙe manyan layuka, aka bar wa ENEO raba wuta zuwa unguwanni. Rabon aikin ba laifi ba ne, sai dai wuta ba ta san iyakar kamfani ba. Manyan taransifomomi suna da abin da ke ɗaga ƙarfin wuta ko sauke shi mataki-mataki. In mai babban layi ya ɗaga, mai rabawa ya sauke, babu wanda ya san abin da ɗayan ke yi, gyaran wannan ya zama ɓarnar wancan, mai shago a Marwa ya kwasa.

Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, waɗanda suka fara da kusan megawat 30 haɗe da batura, sun rage ƙarancin wuta. Sun kuma sauya lissafi: wuta na shigowa daga wurare da yawa, tana ƙaruwa da hantsi, tana janyewa da yamma. Na'urorinsu na iya taimakawa wajen daidaita ƙarfin wutar, in an ba su wannan aikin a rubuce kuma akwai mai ba da umarni. Ranar 28 ga Afrilu 2025 Sifaniya da Fotugal suka faɗa duhu kusan gaba ɗaya, kuma binciken gwamnatin Sifaniya ya ɗora abin a kan hauhawar ƙarfin wuta da aka kasa shawo kanta.

Yanzu ana aikin layin kilobolt 225 da zai haɗa arewa da kudu, inda madatsar Nachtigal mai megawat 420 take, har ya miƙa zuwa Cadi. A ganina, kafin a kunna shi, ya kamata hukumar ARSEL ta sa kamfanonin biyu su amince da iyakar ƙarfin wuta a kowace tashar da suke haɗuwa, su riƙa ganin ma'aunin juna nan take, a kuma fayyace wa zai biya diyya in kayan mutane suka ƙone.