Sabbin mawaƙa: ba da ihu ake kai murya sama ba

Duk wanda ke leƙa ƙananan studiyo na Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san wannan al'amari. Yaro ya tara 'yan jikkunansa ya biya kuɗin ɗaukar waƙa, an sa masa kiɗan da ya fi ƙarfin muryarsa, sai ya yi ta maimaita baiti guda jijiyoyin wuyansa a miƙe. Washegari murya ta dushe, abokai kuma su ce ai haka ake gogewa. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Zafin maƙogwaro bayan waƙa alamar rauni ce, kuma wanda ya mayar da shi al'ada yana cin jarinsa tun bai fara ciniki ba.

Abin da ke fitar da murya wasu tantani biyu ne a cikin maƙogwaro, tsawonsu bai wuce santimita biyu da rabi ba. Iskar da ke fitowa daga huhu ce ke kaɗa su. Idan namiji yana magana, suna haɗuwa su rabu sau ɗari da 'yan kai a daƙiƙa guda, na mace kuwa wajen sau 200. Idan mawaƙi ya hau sama, adadin kan wuce 400. Murya tana hawa ne saboda tantanin sun miƙe sun sirance, kamar yadda tsirkiyar gurmi ke ƙara zaƙi idan an ɗaure ta. Ƙarfin murya abu ne daban. Sabon mawaƙi yakan haɗa biyun, ya ɗauka sai ya yi ihu zai kai sama, nan kuwa tantanin suna bugun juna ne da ƙarfi har su kumbura. Idan aka daɗe ana haka, sai su yi kanta irin ta hannun manomi, wani lokaci ma jijiyar jini ta fashe.

Manyan mawaƙa ma ba su tsira ba. A shekarar 2011 mawaƙiyar Ingila Adele ta soke wasanninta a Amurka saboda zubar jini a tantanin murya, aka yi mata aiki a birnin Boston. A 2017 ta sake soke wasanni biyu a filin Wembley na Landan saboda matsalar murya. Ita tana da kuɗin ganin ƙwararrun likitoci. Yaron da ke rera waƙar biki a unguwa ba shi da wannan gata, don haka kiyayewa ce kawai makaminsa.

Kiyayewar kuwa ba ta cin ko dala. Ɗan kokowa ba ya faɗawa fili daga tashi barci, sai ya motsa jiki. Haka mawaƙi ke buƙatar minti goma zuwa sha biyar na ɗumama murya: ya rufe baki ya yi guɗa a hankali ta hanci, ya kaɗa leɓɓa yana fitar da sauti, ko ya rera ta cikin tsinken shan lemo, yana hawa yana sauka sannu a hankali. Numfashi ya fito daga ciki, kafaɗu a sake, haɓa kuma kada ta ɗaga sama. Idan an zo wurin da murya ke son karyewa, a sassauta a bar ta ta koma siririya. Wannan siririyar muryar da samari ke jin kunyarta ita ce hanyar zuwa sama, kuma da horo take yin kauri.

Yanayin ƙasar ma yana da nasa tasiri. A lokacin hunturu iska ta bushe ga ƙura, tantanin murya kuwa sai da danshi suke aiki. Ruwan da aka sha ba ya bi ta kansu, sai ya shiga jiki tukuna, shi ya sa kurɓa biyu a bakin makirfo ba ta wadatarwa. Shan ruwa tun safe da rufe hanci a kan babur sun fi amfani. 'Yan ci-rani da ke ƙasashen sanyi suna fama da irin wannan bushewa daga na'urar ɗumama ɗaki. Sigari da shisha suna ƙona maƙogwaro, cin abinci mai yaji a kwanta nan take kuma yana sa ruwan ciki ya hauro ya taɓa shi. Alawa mai sanyaya maƙoshi tana ɓoye zafi ne kawai. Mafi haɗari shi ne sayen ƙwayoyin rage kumburi ko na kashe zafi a hannun masu talla don a samu a yi wasa: murya takan buɗe na dare ɗaya, mawaƙi ya ci gaba da dukan wurin da ya ji ciwo bai sani ba.

Masu studiyo suna da kaso babba a wannan lamari. Sauke kiɗa ƙasa kaɗan don ya dace da muryar yaro aikin 'yan daƙiƙu ne a kwamfuta. Auto-Tune yana gyara sautin da ya karkace, amma ba ya warkar da kumburi. Mai haɗa kiɗan da ya ji murya ta fara shaƙewa ya ce a ci gaba don kada a yi asarar awa, ya cuci wanda zai dawo masa da aiki shekaru masu zuwa.

Idan murya ta dushe, maganin farko shiru ne, kuma raɗa ba hutu ba ce, tana ƙara wahalar da maƙogwaro. Idan dushewar ta kai mako biyu zuwa uku ba ta tafi ba, ko ana jin zafi wajen haɗiya, ko jini ya fito, sai a nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake kira ORL. Ana iya sayen sabon makirfo, ana iya sake kiɗa, amma murya guda ɗaya Allah Ya ba kowa. Waƙar da ta fi ƙarfin mawaƙi bana, in ya yi haƙuri da horo, zai iya rera ta baɗi.